Sawun da Iska Ba Ta Sharewa

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiyar ɗalibai, a makon karɓar sababbin ɗalibai)



An ɗora mana nauyin yin magana a kan yadda za a koya wa yara da matasa tsare kansu a intanet. Da yake mu ma ba mu daɗe da fita daga sahun waɗanda ake ce wa yara ba, ba wa'azi muka zo yi muku ba. Abin da muka karanta, da abin da idonmu yake gani a ɗakunan kwananmu da gidajen iyayenmu, shi za mu shimfiɗa a gabanku, ku auna da hankalinku.

A ƙauyukanmu akwai mutanen da ake kira masu bin sawu. In an kore wa mutum saniya da dare, da asuba sai a aika a kirawo su. Su duƙa su dubi ƙasa, su ce ɓarayin biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, sun tsaya a gindin tsamiya sun huta, sa'an nan suka gangara rafi. Ɓarawo bai yi niyyar barin wasiƙa ba, amma ƙafarsa ta rubuta masa ita. Gatansa ɗaya ne, watau iska ta taso, ko ruwa ya sauko, ko wani garke ya bi ta kan hanyar, kafin azahar sawu ya ɓace. To, wannan kalma ta sawu ita masana suka ara suka laƙaba wa abin da mutum yake bari a bayansa duk sa'ad da ya taɓa waya ko kwamfuta. Sai dai a wannan filin iska ba ta kaɗawa, ruwa ba ya sauka, masu bin sawun kuwa ba sa barci.

Yawancin ƙannenmu sun ɗauka sawunsu shi ne abin da suka rubuta da hannunsu, ko hoton da suka ɗora. Wannan ɗan kaɗan ne daga ciki. Mafi yawa waya ce take rubutawa da kanta, mai ita yana barci ko yana cin tuwo. Bari mu bi zaren daga farkonsa. Tun 2011 aka fara yi wa layukan waya rajista a Nijeriya, da hoto da zanen yatsa. A 2014 Babban Banki ya fito da lambar BVN. A Disambar 2020 gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma daga 2021 ba mai rubuta jarrabawar JAMB sai da wannan lamba. Ke nan yaron da ya gama sakandare bana, layinsa da hotonsa da yatsansa da makarantar da yake nema duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Ban da haka, waya ba ta aiki sai ta gaisa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, kamfani kuwa yana da labarin wane ƙarfe ta gaisa da shi, da ƙarfe nawa na dare ko na rana. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye irin waɗannan bayanai har shekara 2. Saboda haka yaron da ya buɗe shafi ya sa wa kansa suna Sarkin Yaƙin Samari, ya manna hoton zaki a madadin fuskarsa, yana ganin ya sha rawani ya rufe amawali, alhali kuwa ya ɓoye wa abokansa ne kawai.

Akwai wani labari da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, domin ɗalibi ne ya tono shi. Wata manhaja mai suna Strava tana auna wa masu guje-guje da masu hawan keke nisan da suka yi. A Nuwambar 2017 kamfanin ya fitar da taswirar duniya, ya zana hanyoyin da masu amfani da manhajar suka bi, don ƙawa da talla. A Janairun 2018 wani ɗalibin jami'a a Ostareliya mai suna Nathan Ruser, ɗan shekara 20, ya lura da wasu 'yan zobba masu haske a tsakiyar duhun hamadar Siriya da Afganistan, inda ba a san mutanen gari da irin wannan manhaja ba. Ashe sojojin ƙasashen waje ne suke zagaya sansanoninsu da gudu kowace safiya, agogon hannunsu yana zana wa duniya iyakar sansanin da hanyoyin cikinsa. Ba wanda ya yi cin amana, ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. In sojan da aka horar a kan riƙe sirri ya bar sawu haka, ina ga yarinyar da aka saya wa waya jiya don ta ci jarrabawa?

Sai kuma maganar gogewa. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Da can wannan karin magana gargaɗi ne kurum, domin maganar da aka yi a dandali takan mutu tare da waɗanda suka ji ta, in ma an kai ƙara sai an nemo shaidu, shaidu kuwa suna mantuwa. Yanzu hirar dandali ta koma rubutu. Kafin mutum ya danna gogewa, wani ya riga ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura wa mutum goma. Akwai ma wata ma'ajiya a Amurka, Internet Archive, wadda tun 1996 aikinta ke nan, kwafe shafuffuka tana adanawa, kuma a 2025 abin da ta tara ya kai shafi tiriliyan 1. Amma kada wannan adadi ya ɗauke mana hankali. Ma'ajiyar da ta fi cutar da ɗan makaranta ita ce wayar abokin da suke dariya tare yau, wanda za su ɓata baɗi.

Wa yake bin wannan sawu? A 2017 Jami'ar Harvard ta janye gurbin karatu daga ɗalibai aƙalla 10 da ta riga ta ɗauka, saboda hotunan batsa da na cin mutunci da suka riƙa tura wa juna a wani zauren hira na Facebook wanda suke zaton nasu ne su kaɗai. Daga 2019 duk mai neman bizar Amurka sai ya rubuta sunayen shafuffukan sada zumunta da ya yi amfani da su cikin shekara 5 da suka wuce, a 2025 kuma aka ƙara da cewa mai neman bizar karatu ya buɗe shafinsa yadda jami'an ofishin jakadanci za su iya dubawa. Ku lissafa da kanku. Wanda zai nemi digiri na biyu yana da shekara 22, abin da ya rubuta yana ɗan shekara 17 yana cikin lissafi, lokacin da bai san bambancin barkwanci da zagi ba.

Ba sai mun ƙetare teku ba. A Yunin 2022 wani ɗan'uwanmu ɗalibi na Jami'ar Tarayya ta Dutse ya rubuta jimla ɗaya da Hausa a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta wancan lokaci. Damina ta wuce, kaka ta shigo. Sai a Nuwamba aka kama shi, aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi gaban kotu, aka tsare shi a gidan yarin Suleja, har sai da aka janye ƙarar a farkon Disamba bayan ƙungiyoyin ɗalibai da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ɗaga murya. Wata biyar tsakanin rubutu da kamu. A watan Nuwamban nan dai wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowannensu, da sharar harabar kotu, saboda wani bidiyon TikTok da suka yi a kan gwamnan jihar.

A nan tilas mu tsaya mu bayyana matsayinmu, don kada a fita daga zauren nan a ce ƙungiyar ɗalibai ta koya wa mutane tsoro. Ba mu yarda a ɗaure ɗalibi saboda jimla ɗaya ba. Sashe na 24 na dokar 2015, wanda aka daɗe ana kama 'yan jarida da shi, Kotun ECOWAS da kanta ta yanke hukunci a 2022 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a 2024 aka yi masa gyara. Ƙasar da matasanta suka yi gum ba ta zauna lafiya ba, ciwo ne yake cin ta ta ciki. Abin da muke so ƙannenmu su koya shi ne su yi magana irin ta wanda ya san za a karanto masa ita wata rana a gaban alƙali, ko gaban surukinsa, ko gaban kwamitin ɗaukar aiki. Wanda ya ce asibitin garinsu ba magani, ya faɗi ranar da ya je da abin da ya gani, yana da ƙafar tsayawa. Wanda ya zagi uwar kwamishina ba shi da ita, kuma ya ba azzalumi sandar dukansa. Yayyenmu ma'aikata kuwa sun fi mu sanin cewa Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta, kuma takardar ofis da aka ɗauka a hoto aka tura wa aboki ɗaya tak, ta fita ke nan.

To, hukuma da ofishin jakadanci jefi-jefi suke bin sawu. Masu binsa dare da rana 'yan neman kuɗi ne. Mu fara da shagon intanet, wanda muke kira kafe, domin a nan ne sawun yawancin 'ya'yan talakawa yake farawa. Yaro ya zo daga ƙauye zai cike takardar jarrabawa ko ta neman tallafin karatu, bai taɓa mallakar imel ba. Mai shago ya buɗe masa, ya zaɓa masa kalmar sirri, sau da yawa sunan yaron da shekarar haihuwarsa, ko ma kalma guda da yake sa wa kowa. Wani lokaci lambar wayar mai shagon ce ake sawa a matsayin wadda za a nemo asusun da ita in ya ɓace. Hoton yaron da takardar haihuwarsa da lambarsa ta NIN suna nan zube a kwamfutar da mutum hamsin za su zauna a kanta kafin magariba. Yaro ya biya kuɗi, ya yi godiya, ya tafi, bai san ya gina ɗaki ya bar mabuɗin a hannun magini ba. Da wannan imel ɗin zai shiga jami'a, da shi zai yi rajistar bautar ƙasa, da shi zai nemi aiki. Akasarin masu shagunan nan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma mabuɗi a hannun mutumin kirki ma yakan faɗi. Maganin abin bai kai minti goma ba: a canja kalmar sirri a ranar, a sa lambar wayar mai asusun, a tsaya a ga an goge takardun daga kwamfutar. Sai dai wa ya taɓa gaya wa yaron?

Haka nan satar WhatsApp, wadda ta zama ruwan dare. Wani ya kira ka da ladabi, ya ambaci sunanka da sunan zauren tsofaffin ɗaliban makarantarku, ya ce za a yi taro da yamma, an turo maka lamba shida, ka karanto masa don a sa ka a ciki. Ina ya samo sunanka da na zauren? Daga wayar wanda ya sace kafin kai. Lambar nan shida kuwa mabuɗin asusunka ce. Da ka karanta, sai a fara roƙon gwaggonka da kawunka kuɗi da sunanka. A cikin manhajar akwai wurin sa mukulli na biyu, lambar sirri wadda kai kaɗai ka sani, kyauta ne, amma tambayi ajinku ku ji mutum nawa suka sa.

Manhajojin ba da bashi su ma da sawu suke farauta. Kafin su ba ɗalibi 'yan dubban da zai kai ƙarshen wata, sai su nemi izinin ganin lambobin da ke cikin wayarsa, shi kuwa yunwa ba ta barin mutum ya karanta sharaɗi. Ranar da ya makara, sai saƙo ya isa ga limamin unguwarsu da malaminsa da yarinyar da yake nema, ana kiransa ɓarawo. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a kan irin wannan aiki, a 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa leƙa lambobi da hotunan mutane. Duk da haka darasin yana nan: lambobin da ke wayarka amanar mutane ce, ba naka ba ne balle ka jinginar.

Yanzu mun zo wurin da harshe yake nauyi, amma rashin faɗa ya fi faɗa illa. Akwai masu buɗe shafi da hoton budurwa, su ja yaro da hira har ya tura hoton tsiraicinsa, sa'an nan su juye su ce ko kuɗi ko su watsa wa duk danginsa, waɗanda sunayensu suke jere a shafinsa. A Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Mishigan ta Amurka ya kashe kansa cikin dare ɗaya saboda wannan. Masu bincike suka bi sawu har Legas, aka miƙa wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, ga Amurka a 2023, aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. A Yulin shekarar nan ta 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafuffukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Wannan labari kaifi biyu gare shi. Ƙanenmu yana iya zama wanda aka cuta, yana kuma iya zama wanda abokai suka ja cikin cutar, suna gaya masa ba a kama mutum ta waya.

Abin lura shi ne, makamin waɗannan mutane ba hoton ba ne, kunya ce. Mu kuwa al'umma ce da ta gina tarbiyyarta a kan kunya, kuma muna alfahari da haka. Amma yarinyar da tsohon saurayi yake yi wa barazana da hotonta, in ta tabbata cewa ranar da gida suka ji za a fasa aurenta, a cire ta daga makaranta, a yi mata dukan kawo wuƙa, to, ba za ta faɗa ba. Za ta sayar da 'yan kunnenta ta biya, gobe a sake nema. Mai barazana ya san gidajenmu sarai, da tsoron iyaye yake cin abinci. Saboda haka darasi na farko ba na yara ba ne, na manya ne: a kowane gida a sami mutum ɗaya, yaya ko gwaggo ko ƙanen uba, wanda yaro ya tabbata in ya zo masa da abin kunya za a fara da ceto, faɗa ya biyo baya. Sa'an nan a san abin yi. Ba a biya, domin biya ba ya ƙarewa. Ba a goge saƙonnin, domin su ne shaida. A toshe mutumin, a kai rahoto ga masu manhajar da 'yan sanda. Akwai kuma wata hanya mai suna Take It Down, ta 'yan ƙasa da shekara 18, da StopNCII ta manya, waɗanda suke ɗaukar wa hoto wata alama irin ta zanen yatsa ba tare da hoton ya bar wayar mai shi ba, su rarraba alamar ga manyan kamfanoni don su tare shi in an zo ɗorawa.

Wasu iyaye za su ce a ƙwace wayar kawai a huta. Ba su kaɗai suke wannan tunani ba. Ostareliya ta yi doka a 2024, ta fara aiki a Disambar 2025, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalin sada zumunta. Muna jiran mu ga abin da za ta haifar. Amma a nan gida mun san Facebook da TikTok sun daɗe da cewa sai ɗan shekara 13, mun kuma san yadda ɗan shekara tara yake zama ɗan ashirin da danna lamba huɗu. Yaron da aka ƙwace wa waya zai ari ta abokinsa, ya shiga asusunsa a can, ya manta bai fita ba. An hana shi rafi, ba a koya masa iyo ba, ga shi kuwa hukumar jarrabawa da banki da makaranta duk a tsallaken rafin suke jiransa.

Kuma kafin a tuhumi yara, a dubi manya. Sau nawa uba yake ɗora takardar sakamakon ɗansa, da cikakken suna da lambar jarrabawa, don 'yan'uwa su taya shi murna? Sau nawa ake ɗora hoton yarinya da rigar makaranta, bajon makarantar yana karantuwa, ga ƙofar gida a bayanta? Sabon ma'aikaci ya ɗora takardar kama aiki, mai bautar ƙasa ya ɗora takardar kiransa. Jariri ma tun ranar suna an fara masa sawu, da sunansa da na iyayensa da ranar haihuwarsa, watau amsoshin tambayoyin da banki zai yi masa nan da shekara ashirin. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce kamfani ba zai sarrafa bayanan yaro ba sai da yardar iyaye, ta kuma ba kowa ikon ya tambayi abin da aka tara a kansa, ya nemi a gyara ko a goge. Doka ce mai kyau. Amma ba ta da abin da za ta yi wa yaron da mahaifinsa ne ya watsa.

Malam Shugaba, shawararmu ga ƙungiya ita ce. Mu ne tsani tsakanin iyayen da suka sayi wayar ba su san cikinta ba, da ƙannen da suka san cikinta ba su san duniya ba. Hutu yana zuwa. Kowannenmu ya nemi izinin shugaban tsohuwar makarantarsa, ko na Islamiyyar unguwarsu, a ba shi sa'a guda. Kada ya je da lacca irin wannan. Ya ce wa yara su fito da waya, kowa ya rubuta sunansa a Google ya ga abin da zai fito. Su buɗe jerin manhajojin da aka ba izinin sanin inda suke, su ƙirga, su tambayi kansu me ya haɗa manhajar tocila da lambobin mutane. Su sa mukulli na biyu a WhatsApp a nan take, kafin a tashi. Ya nuna musu cewa hoton da aka tura a matsayin fayil yana iya ɗauke da ainihin wurin da aka ɗauke shi. A yi duk wannan da Hausa, domin gargaɗin da ke cikin wayoyin nan da sharuɗɗansu akasari da Turancin lauyoyi aka rubuta su, wanda mu 'yan jami'a ma sai mun yi da gaske. 'Yan'uwanmu mata su ɗauki ajin 'yan mata su kaɗai, ba namiji a ɗakin, don akwai tambayar da ba za ta fito ba sai an rufe ƙofa.

Muna roƙon sakataren ƙungiya ya ajiye takarda a bakin ƙofa, duk mai niyya ya rubuta sunansa da garinsu da makarantar da zai je. Lambar waya kuwa a bar ta, sakatare zai bi mutum ɗaki ya karɓa, kada mu bar ta a kan teburin da kowa zai wuce ya ɗauka a hoto.